Yadda za ka shekara kana hawan duwatsu daga Jos, wata bayan wata

Mu mutanen Jos muna da wata irin makanta. An haife mu a tsakiyar duwatsu, a kansu muke shanya, a bayansu muka yi wasan ɓuya, amma sai ka tarar mutum ya shekara arba'in a Gangare ko Unguwar Rogo bai taɓa taka Shere ba, alhali kullum da safe yana hango ta ta gabas. Sai 'yan Abuja sun cika bas sun hauro Hawan Kibo da jakunkunansu da sandunansu, sannan mu ce ashe abin nan abin zuwa gani ne. Ni ma haka nake, har ranar da likita ya duba jinina ya ce in nemi abin da zai riƙa sa ni gumi. Na gwada gudu a bakin titi, masu keke napep suka hana ni sakat. Sai na koma dutse.

Tsarin da zan shimfiɗa na wanda bai taɓa hawa ba ne, kuma ginshiƙinsa ɗaya: ba kai ke zaɓar abin da za ka yi ba, yanayi ke zaɓa maka. Shekarar mai hawan dutse ba Janairu take farawa ba, tana farawa ne lokacin da ruwa ya fara ɗaukewa, wato Oktoba. Dutsen da ka hau kana raha a Nuwamba, shi ne zai nemi ranka a Agusta.

Ka riƙe 'yan alƙaluman nan, za su yi maka amfani. Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga matakin teku. Ƙololuwar Duwatsun Shere ta kai mita 1,829, ka ga kenan abin da ke tsakaninka da ita mita 600 ne da 'yan kai, Allah ya riga ya rage maka aiki. Duk mita 1,000 da ka ƙara sama, zafi yakan ragu da kusan digiri 6 da rabi. Ciwon nan na ƙarancin iska da ke kama masu hawan Kilimanjaro yawanci sai an haura mita 2,500 yake farawa, kuma babu tsaunin da ya kai haka a Najeriya. Namu abokan gaban daban ne: santsi, tsawa, ƙishirwa, maciji, ɓatan hanya, da taurin kai.

Mataki na farko, Oktoba: ƙafa da takalmi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Makonni huɗu na farko ba ruwanka da kowane tsauni. Sau uku a mako ka yi tafiyar minti 40 da sauri, ka zaɓi unguwa mai hawa da gangara, Jos kuwa ba ta rasa su ba. Ranar Asabar ka yi awa biyu da jaka a baya, ka sa mata gorunan ruwa har ta kai kilo 5. Ma'aunin saurin da ya dace shi ne ka iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashi ya yanke maka magana ba. Mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai asma, da mai sikila, kowa ya fara ganin likitansa.

Sai takalmi, kuma a nan zan daɗe. Sabo mai kyau yana da tsada, amma gwanjon Kasuwar Katako ba ya rasa takalman hawan dutse da suka shigo cikin dila. Ka je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka tafi da safa mai kauri wadda za ka riƙa sawa. Ka tura ƙafarka gaba har yatsu su taɓa baki, in yatsan hannunka ɗaya ya shiga ta bayan diddige, girman ya yi. Ka juya shi ka duba ƙasan: roba mai haƙora kake nema, ba mai sheƙi ba. Ka lanƙwasa shi da ƙarfi ka ga ko soson da ke tsakiya yana marmashewa, domin takalmin da ya daɗe a ajiye yakan yi kyau a ido alhali ya mutu a ciki.

Daga nan kada ka wuce gida, ka zarce wurin shumeka ya ɗinke maka shi zagaye da zare mai ƙarfi. Wannan darasin da kuɗina na saya. Tafiyata ta biyu, muna tsakiyar gangara, sai na ji ƙafar dama tana tafi. Ko da na duba, ƙasan takalmin ya buɗe baki kamar kada. Wani yaro mai kiwon awaki ne ya kwance robar tub daga sandarsa ya ɗaure mini, yana ta ƙunshe dariya, ya ce, "Baba, haka za ka lallaɓa har titi." Tun daga ranar robar tub ba ta barin jakata. Sabon takalmi kuma, ka yi mako biyu kana yawo da shi a gari kafin ka kai shi dutse, in ba haka ba bororo zai koya maka hankali.

Jakar yini ɗaya ba ta son tarkace. Ruwa lita 2 zuwa 3. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi ko dambun nama, da ayaba, abin da ba ya lalacewa kuma ba ya sa nauyin ciki. Tocila ta goshi ko da kana da niyyar dawowa da azahar. Usur, ashana a cikin leda, ƙaramar wuƙa, hular rana, rigar sanyi mara nauyi, rigar ruwa. Bandeji, filasta, maganin ciwon jiki, da ƙullin gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, shi ke tayar da wanda gumi ya tsotse. Waya da caji cike, da batirin ko-ta-kwana, ka kuma sauke taswirar yankin a Google Maps tun kana gida, don sabis yakan ɓace a cikin kwari. Wandon jins ka bar shi a gida, in ya jiƙe ba ya bushewa kuma yana goge cinya.

Mataki na biyu: abokan tafiya, da masu dutsen

Kada ku gaza huɗu. Dalilin lissafi ne: in ɗaya ya yi targaɗe, ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman taimako. Kada kuma ku wuce goma a farko. Ku naɗa ja-gaba, ku naɗa na ƙarshe wanda ba mai wuce shi ta baya, kuma mafi rauni a cikinku shi ke biye da ja-gaba, da saurinsa za a yi tafiya. Ku yi yarjejeniyar usur: busa ɗaya a tsaya, busa uku akwai matsala. Kowa ya bar wa wani a gida sunan wurin da za a je da lokacin dawowa, da lambar mutum biyu na cikin tafiyar. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce.

Abin da 'yan birni suka fi mantawa shi ne kowane dutse yana da masu shi. Shere ƙasar Afizere ce, Riyom ta Berom, Miango ta Irigwe, Kerang ta Mwaghavul, Pankshin ta Ngas. Akwai gonaki a gindin duwatsun, akwai kaburbura, akwai kurmi da kogon da ba a shiga saboda al'ada. Don haka matakin farko na kowace tafiya shi ne ƙofar gidan mai unguwa. A gaisa a tsanake, a faɗi daga inda aka fito da abin da ya kawo ku, a nemi a haɗa ku da ɗan gari da zai yi muku jagora, a kuma yi cinikin ladansa tun kafin a tashi.

Wani dattijo a wani ƙauye da ke gindin Shere ya taɓa tsare mu, mun shigo ta bayan gonarsa ba sallama. Bai ɗaga murya ba. Ya jingina da fartanyarsa ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "'Ya'yana, in na zo gidanku a Jos na haura ta katanga, me za ku kira ni?" Babu wanda ya iya amsawa. Muka durƙusa muka ce, "Baba, a yi mana afuwa, rashin sani ne." Sai ya kira jikansa ya ce ya kai mu, ya nuna mana wata tsaga da ƙudan zuma suka yi gida a ciki, daidai hanyar da muka nufa.

Maganar tsaro ba ta son kunya. Filato tana da lokutan da wasu yankunan ba sa shiguwa, kuma labarin da ya fi sahihanci ba a Facebook yake ba, yana bakin mutanen ƙauyen da direbobin da ke bin hanyar kullum. Ka kira jagoranka ana jibi tafiya, ka sake kira da asubar ranar. In ya ce a dakata, a dakata, ko da an riga an biya kuɗin mota. Kuma tafiyar da ta haɗa Musulmi da Kirista, Bahaushe da Birom da Bajari, ta fi samun ƙofofi a buɗe, na gwada na gani. Asabar ta fi dacewa da kowa, sai dai a lura da Asabar ɗin ƙarshen wata in ana tsaftar muhalli.

Mataki na uku, Nuwamba: ranar Shere

Wannan ne watan zinariya. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, ciyawa ba ta gama ƙonewa ba, ƙurar hunturu ba ta yi kauri ba. Makon farko ku hau ƙananan duwatsun da ke kewayen madatsar Lamingo, awa biyu ku dawo. Mako na uku sai Shere, wadda ba ta fi kilomita 10 daga cikin gari ba.

Ku yi lissafin lokaci tun da dare. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida ta wani ɗan Sikotland mai suna William Naismith tun 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. A ce hanyarku kilomita 10 ce zuwa da dawowa, hawan kuma mita 500, lissafi ya ba da kusan awa uku. To Naismith ƙaƙƙarfa ne, kuma ba ya tsayawa ɗaukar hoto. Ku ƙara rabin abin da ya fito, ya zama awa huɗu da rabi. Daga nan ku tsayar da lokacin juyawa, misali ƙarfe 12 na rana, kuma in ya cika a juya, ko da ƙololuwa tana gabanku kamar ku miƙa hannu. A wannan watan kafin shida da rabi duhu ya rufa.

Ku fara taka dutse da ƙarfe 7. Minti goma na farko ku tafi a hankali kamar masu rakiyar amarya. A wurin hawa, gajerun taku, tafin ƙafa duka a ƙasa, ba kan yatsu ba. In gangaren ya miƙe, a bi shi a karkace, dama da hagu, kamar yadda shanu ke yi. Hutun minti biyar bayan kowane minti 40, a tsaye ko a jingine, a kurɓi ruwa tun ba a ji ƙishirwa ba. In an zo inda sai an sa hannu, ƙa'idar ita ce gaɓoɓi uku a manne, ɗaya ke motsi. Kada ka kama ciyawa ko saiwa ka ɗora mata nauyinka, kada ka tura hannu cikin ramin da idonka bai gani ba. Wanda ya ture dutse ya yi ihu "Dutse!" nan take, na ƙasa kuma ya manne da bango, kada ya ɗaga kai kallo.

A can sama akwai wasu tagwayen duwatsu da Turawa suka sa wa suna Gog da Magog, wato Yajuju da Majuju, ban san laifin da suka yi musu ba. Iskar wurin tana busar da gumi cikin minti biyu, shi ya sa na ce a zo da rigar sanyi. Za ka ga Jos a shimfiɗe, rufin kwano yana ƙyalli, tafkunan kuza kamar an zubar da madubai, rema tana leƙowa daga tsaga tana komawa.

Saukowa ta fi hawa haɗari, yawancin targaɗe a nan ake yin sa, lokacin da gwiwa ta gaji kuma hankali ya riga ya tafi gida. Ka ƙara ɗaure igiyar takalmi kafin ka fara, ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka riƙe sanda. A kan fa mai ɓarɓashin tsakuwa, ka zauna ka ja gindi, ba abin kunya ba ne. Ledar ruwa da gorar da ka sha, yadda ka hau da su haka za ka sauko da su.

Mataki na huɗu, Disamba da Janairu: kwanan dutse

Sanyin Jos ba sai an gaya maka ba. Cikin gari ma dare yakan sauka zuwa digiri 11 ko ƙasa da haka, balle a kan tudu inda iska ba ta da shamaki. Kwanan farko ku yi shi kusa da ƙauye, da izinin mai unguwa. Ku isa kafin la'asar ta yi sanyi, ku kafa tanti a bayan wani babban dutse da zai tare iskar arewa maso gabas, ba a cikin kwari ba, domin sanyi can yake taruwa da asuba. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ƙasa ta fi iska satar ɗumin jiki, don haka abin shimfiɗa ya fi abin rufa muhimmanci. Tabarmar roba da kwali a ƙasa, bargo biyu a sama, hular sanyi da busasshiyar safa da ba a yi tafiya da ita ba. Riguna uku marasa kauri sun fi jibgegiya ɗaya. Man kaɗanya a leɓe da diddige.

Wuta ita ce babbar amana. Ciyawa ta bushe ƙamas, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gonar acca da rumbun wani. A share fili taku uku kowane gefe, a kewaye da duwatsu, a kashe da ruwa da ƙasa har sai an iya taɓa tokar da hannu. Kada a shigar da gawayi cikin tanti don jin ɗumi, hayaƙinsa mara wari yana kashe mutum cikin barci. Ruwan rafi a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. In ruwan ya yi ƙaranci, taimama ta halatta, ƙasa kuwa ga ta nan.

Waɗannan watanni sun dace da zuwa Dutsen Riyom, inda manyan duwatsu suka hau kan juna kamar wani ya jera su da hannu, da kuma Kerang a ƙasar Mangu, inda tsofaffin duwatsu masu aman wuta suka mutu suka bar tuddai masu kamar an kifa ƙwarya. Daga maɓuɓɓugar wurin ake ɗura ruwan Swan. Sai dai hazo yakan rufe nesa, mai son hoto ya yi haƙuri.

In aiki ya kai ka Abuja a wannan lokacin, kada ka zauna. Akwai tuddan Ushafa kusa da madatsar Usuma, akwai na Mpape da Katampe, kuma ƙungiyoyin masu hawa suna fita kusan kowace Asabar. Amma Abuja ba ta kai rabin tsayin Jos ba, zafinta daban ne, ƙarfe 10 ta yi maka a ƙasa. Dutsen Zuma, wanda ke jikin takardar naira 100, a jihar Neja yake kusa da Madalla, kuma ba a tunkararsa sai da jagoran da ya san hanyarsa da busasshen yanayi. Dutsen Aso kuwa ka gaishe shi daga nesa.

Mataki na biyar, Fabrairu da Maris: igiya

Yanzu ƙafa ta yi ƙwari, dutse ya bushe sarai, lokacin koyon hawan bango ne. Ku fara ba igiya, a kan ƙananan duwatsun da ba su wuce mita 3 ba, da tsohuwar katifa a ƙasa da mutum ɗaya a tsaye yana tare kafaɗun mai hawa in ya zamo. Jos cike take da irin waɗannan. A nan za ka gane cewa ƙafa ke hawa, hannu riƙo kawai yake yi, kuma wanda ya manne ƙugunsa da dutse ya fi mai ƙarfin damtse daɗewa.

Abin da ya wuce wannan tsayin, sai da malami. A gindin Shere akwai makarantar tsauni ta cibiyar gwamnatin tarayya da aka fi sani da Man O' War, wadda asalinta ya faro a 1951 a gaɓar teku kusa da garin da ake kira Limbe a Kamaru yanzu. Hawa da sauka da igiya yana cikin abin da suke koyarwa, ku je ku tambayi tsarinsu. Abin da za ka koya bi da bi: ɗaura ɗamarar ƙugu, ƙullin igiya mai siffar lamba takwas har ka iya yin sa ido rufe, riƙe wa ɗan'uwanka igiya ba tare da hannun birki ya saki ba ko da ƙuda ya shiga maka ido, sannan saukowa. Kafin kowa ya bar ƙasa, shi da mai riƙe masa su duba juna: ɗamara, ƙulli, ƙugiya a kulle, hular kwano, da ƙulli a ƙarshen igiya.

Na yarda da gwanjo a takalmi da jaka. A igiya da ɗamara ban yarda ba ko kyauta ne, domin ba ka san faɗuwa nawa suka tare ba. Igiyar hawa tana da ɗan talewa don ta shanye fizgar faɗuwa, kuma takan zo da tambarin tabbatar da inganci na UIAA ko CE. Igiyar guga da ta ɗaure kaya a mota ba sa cikin wannan magana.

A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a tsakanin waɗannan watanni, yana kuma matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. In ya zo, a ajiye manyan tafiye-tafiye. Gajeren hawa bayan la'asar, a sauko a sha ruwa a gindin dutse, ya wadatar. Maris kuma watan ƙudan zuma ne da zafin rai. Kada a fesa turare, in sun taso a rufe fuska a yi nisa da gudu ta hanyar da aka sani, ba ta bakin rami ba.

Mataki na shida, Afrilu zuwa Yuni: sabon ruwa

In ka tambaye ni, Mayu ta fi Nuwamba kyau. Ruwan farko ya wanke ƙura, duniya ta yi kore shar, ana hango nesa. Amma hadari yakan haɗu da rana tsaka, wani lokacin har da ƙanƙara, saboda haka a fita da sassafe a sauko kafin azahar. In ka ga walƙiya, ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa, ka raba da uku, abin da ya fito shi ne nisanta a kilomita. In bai kai daƙiƙa 30 ba, bar kan tudu nan take. Kada a fake a ƙarƙashin itacen da ke tsaye shi kaɗai ko a bakin ƙaramin kogo, kada a cure wuri ɗaya, kuma a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Lokacin keke ne kuma, kafin laka ta yi yawa. Hanyar Miango da ta Vom suna da hawa da gangara masu daɗi, ga shingayen ƙyarana a gefen gonaki. Kada ka karya ta, ruwanta mai kamar madara yana ƙona ido. Birki biyu masu ci, hular kwano, famfo da faci.

Ka ware Asabar ɗaya ga dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis take tun 2001. A duwatsun yankin ne ake ganin wani ɗan jan tsuntsu da masana ba su tantance shi a matsayin jinsi na daban ba sai a 1998. A nemi izini kafin a je, a kuma rage surutu.

Mataki na bakwai, Yuli zuwa Satumba: marka

Jos takan sami ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, kuma mafi yawansa a nan yake zuba. Gansakuka ta rufe fa, dutse ya zama sabulu. A ajiye igiya, a bar ƙololuwa. Na taɓa yin taurin kai a wani Agusta, gajimare ya sauko mana a kan Shere har ba na ganin wanda ke taku biyar a gabana. Muka zauna a kan jakunkunanmu awa biyu muna kaɗuwa muna busa usur, sai da ya yaye muka ga ashe inda muka nufa rami ne. Zaman da muka yi shi ya cece mu.

Watannin kallon ruwa ne. Magangarar Assop tana gefen hanyar Abuja wajen Hawan Kibo, akwai ta Kurra a ƙasar Barikin Ladi inda aka daɗe ana samar da lantarki tun zamanin haƙar kuza, akwai Farin Ruwa a yankin Wamba ta jihar Nasarawa. Kallo na ce, ba wanka ba. Rafin da ya wuce gwiwa kuma yana gudu ba a tsallaka shi, kuma ruwan da aka yi a can sama yakan iso inda kake alhali rana na haskawa. Tafkunan kuza sun fi kowanne yaudara: bakinsu a miƙe yake, zurfinsu ba a gani, ƙasansu laka ce, sun ci 'ya'yan mutane da yawa. Mai son kwale-kwale ya je Rayfield ya sa rigar iyo.

Don kada jiki ya mutu, a koma gudu a kan jar hanya da safe. Ba banza ba yawancin gwanayen gudun dogon zango na Najeriya daga Filato suke fitowa, musamman wajen Pankshin.

Mataki na takwas, Oktoba zuwa Disamba: maciji, sannan babbar tafiya

Ƙarshen damina ciyawa ta kai ƙirji, ga karara mai ƙaiƙayi, ga macizai. Dogon wando, takalmi mai rufe idon sawu, sanda tana gaba tana bugun ciyawa. Kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe da nisa, ta fi yawa a ƙasan tudu, wajen Langtang da Shendam da Wase. In tsautsayi ya faɗa: kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutum a kai shi asibitin da ke da allurar dafi. Asibitin Zamko kusa da Langtang da na Kaltungo a jihar Gombe sun shahara da wannan aiki. In kumurci ya yi tofi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa.

Dutsen Wase ya cancanci tafiyar kilomita 200 da 'yan kai, ya miƙe shi kaɗai wajen mita 300 a tsakiyar fili, kwasakwasa na yin sheƙa a kansa. Na kallo ne da zagayawa, ba na hawan ɗan shekara ɗaya ba.

Ladan shekararka yana Taraba. Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, shi ne tsauni mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, a kan iyaka da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti. Ka ware mako guda cur a ƙarshen Nuwamba ko Disamba. Hanya takan bi ta Bauchi da Gombe da Numan zuwa Jalingo, sannan Bali, sannan Serti inda hedikwatar gandun take. A nan ake neman izini da ma'aikacin da zai raka ku, kuma a fara magana da su tun wata guda kafin tafiya, su ne za su gaya muku halin hanya da na tsaro. Daga Serti a haura tudun Mambila zuwa wajen Nguroje, daga can sai babur, sannan ƙafa.

Kafin ka sa rana, ka yi wa kanka jarrabawa: Shere ranar Asabar da jaka mai kilo 10, ka sake hawa washegari da yamma ko Litinin da asuba. In ka sauko karo na biyu gwiwa ba ta rawa, ka isa. Ka riƙi tsabar kuɗi ƙanana don masu babur da masu dako, katin shaida, bargo na uku, da maganin zazzaɓin cizon sauro saboda kwanan Serti. Ka koyi gaisuwar Fulatanci ko da kalma biyar ce, domin a rugagen da ke kan hanya da ita za ka sayi nono. Takalmin nan kuma, ka sake kai shi wurin shumeka ya duba ɗinkin kafin ka shiga mota.